Tsohuwar kwamfuta da sabuwar firinta: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Mutum yana da kwamfutarsa tana aiki lafiya lau, Windows XP ne a kai ko Windows 7 ko wani tsohon Mac, duk takardunsa da manhajar da yake aiki da ita suna ciki, sai firintar da suka daɗe tare ta mutu, ya sayo sabuwa dal a kwali ya jona, kwamfutar ta ce sam bata san zancen ba. Wannan abu yana ci wa mutane tuwo a ƙwarya sosai, kuma yawanci da an san abu biyu uku kafin a biya kuɗi da ba a shiga ciki ba. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa a kai.

Kebul ya shiga daidai, firinta ta kawo wuta, me yasa kwamfutar bata ganinta?

Ganinta kam tana gani, magana ce basa iya yi da juna. Tsakanin kwamfuta da firinta akwai wata ƴar manhaja da ake kira direba, kamar tafinta take, ita ke ɗaukar abin da ka rubuta a Word ta juya shi zuwa harshen da firintar ke ji. Kamfanin da ya ƙera firintar shi ke rubuta direban, kuma kowane Windows da nasa. To Microsoft sun daina kula da XP tun Afrilun 2014, Vista a 2017, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 8.1 a Janairun 2023, kuma da zarar sun janye hannu su ma masu ƙera firinta a hankali suke janyewa, sabuwar firinta ta fito ba a rubuta mata direban tsohon Windows ba kwata-kwata. In ka buɗe Device Manager zaka ga sunanta da wata ƴar alama ruwan ɗorawa mai alamar motsin rai a jiki, ko a rubuta Unknown device, wannan alamar tana nufin an ga na'ura amma ba a san yadda za a yi mata magana ba.

To ta yaya zan tabbatar kafin in biya kuɗina?

Fara da sanin abin da ke kan kwamfutarka, don mutane da yawa "tsohon Windows" kawai suke cewa. Ka danna My Computer ko Computer da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Properties, a nan zaka ga sunan Windows ɗin, da Service Pack na nawa ne, da kuma ko 32-bit ne ko 64-bit. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, direban 64-bit baya hawa kan 32-bit ko da duk Windows 7 ne. XP kusan duk wanda zaka gani 32-bit ne. Ka rubuta su a takarda.

Sai ka nemi cikakkiyar lambar firintar har da haruffan ƙarshe, ka shiga shafin kamfanin wajen da ake sauke direba. Ga inda ake yawan rudewa: shafin da kansa yake gano na'urar da ka shigo da ita, in da waya ka shiga ko da sabuwar kwamfuta zai nuna maka direban wannan ne, dole ka canza da hannunka ka duba ko naka Windows ɗin yana cikin jerin. In yana nan, ka sauke shi a lokacin ka ajiye a filashi tun kafin ka sayi firintar, kar ka ce sai na dawo, domin kamfanoni suna cire tsofaffin fayiloli ba tare da sanarwa ba. Kuma kar ka tsaya a kan maganar mai sayarwa cewa "ai tana yi da kowace kwamfuta", ba lallai ƙarya yake maka ba, shi dai bai taɓa gwada ta a kan XP ba.

Na duba babu Windows ɗina a jerin. Shikenan in haƙura?

A'a, kuma wannan ce amsar da nafi so kowa ya riƙe a duk shafin nan. Tambayar da ta fi sunan kamfani muhimmanci ita ce wane harshe firintar take ji.

Akwai manyan harsuna biyu da suka daɗe a duniyar firinta. Ɗaya PCL, na kamfanin HP, wanda ya bazu tare da LaserJet ta farko a 1984, yau zaka ga an rubuta PCL 5, PCL 5e, PCL 5c ko PCL 6. Ɗayan PostScript na kamfanin Adobe, shi ma tun shekarun 1980 yake. Amfaninsu shine basu canza ba ta yadda tsoho zai daina aiki, firintar da aka ƙera bana in dai tana jin PCL 5 zata karɓi aikin da direban shekara ashirin da suka wuce ya turo mata ta buga shi tsaf. Kuma ba HP kaɗai ke da su ba, Brother, Kyocera, Ricoh, Lexmark, Xerox, Canon duk suna da firintoci masu jin PCL, Brother ma suna da nasu kwatankwacin PostScript da suke kira BR-Script.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda ake kira GDI ko host-based, su basu da ƙwaƙwalwar sarrafa shafi da kansu, kwamfutar ce ke yin duk aikin ta turo musu ɗigo-ɗigon hoton shafin ta wata hanya da kamfanin kaɗai ya sani. Shi yasa suke da araha. Irin waɗannan in babu direbansu na ainihi to babu wata dabara, ko gezau bazasu yi ba. Don haka ka buɗe takardar bayanan firintar, ka nemi layin da aka rubuta Print languages ko Emulation. In ka ga PCL 5 ko PCL 6 ko PostScript ko BR-Script, kana da hanya. In ka ga GDI, host-based, CAPT, ko UFR II shi kaɗai, sai da direbanta. Sannan a kula da wani tarko, wasu ƙananan sababbin firintoci ana rubuta musu PCLm ko PCLmS, da PWG da URF, sunan ya yi kama amma ba PCL ɗin da muke magana ba ne, waɗannan na bugawa daga waya ne da sababbin kwamfutoci, tsohon direba bazai yi musu komai ba.

Ko za a ba mu misali, don mu gane bambancin?

HP LaserJet 1020 da P1102 da Canon LBP2900 duk host-based ne. Ba wai basu da kyau ba, suna da ƙarko, kuma da yake a zamanin XP da Windows 7 aka yi su, suna da direbansu na waɗannan, to in ka samu direban shikenan. Matsalar tana ga sababbin ƙannensu da aka yi bayan an daina rubuta wa tsohon Windows direba. Masu jin PCL kuwa, cikin tsofaffi akwai irin LaserJet 1320, P2055dn, P3015, 4250, cikin na baya-bayan nan akwai irin LaserJet Pro M404dn ko Brother HL-L5100DN. Galibi firintocin da aka yi don ofis sune ke jin PCL, ƙananan na gida mafiya araha sune basa ji. Amma kar ka yi hukunci da ido, lamba ɗaya ko harafi ɗaya na iya raba mai ji da marar ji a gida ɗaya, takardar bayanan ce alƙali.

Na samu mai PCL ɗin. Yanzu yaya zan haɗa ta ba tare da direbanta ba?

Zaka ara mata direban wata ne. A XP ka shiga Control Panel, Printers and Faxes, Add a printer, ka zaɓi Local printer, ka cire alamar da ke cewa ya nemo da kansa. A Windows 7 kuma Devices and Printers ne, Add a printer, Add a local printer. Zai tambaye ka ta wace ƙofa, in ta USB ka jona ka zaɓi USB001, wani lokaci USB002 in an taɓa jona wata a baya, in kuma ta kebul ɗin netwok ne ka zaɓi Create a new port, Standard TCP/IP Port, ka rubuta adireshin IP na firintar. Sai jerin kamfanoni ya fito, ka zaɓi HP ko da firintarka ba HP ba ce. A XP ka ɗauki HP LaserJet 4 ko 5 ko 4000 Series PCL, a Windows 7 akwai HP LaserJet 2200 Series PCL 5. In PostScript take ji ka shiga Generic ka ɗauki MS Publisher Imagesetter, ko MS Publisher Color Printer in mai kala ce. Ka buga shafin gwaji.

Ni dai PCL 5 nake fara gwadawa kafin PCL 6, ya fi sauƙin kai, kuma yawancin firintocin da aka rubuta musu PCL 6 suna karɓar PCL 5 ma. Abin da zaka iya rasawa shine ƙarin abubuwa, kamar nuna maka saura nawa tona, wato garin tawadar firintar leza, ya rage, ko zaɓen tire na biyu, ko buga gaba da baya kai tsaye, kodayake wannan na ƙarshen sau da yawa in ka shiga Device Settings na direban ka kunna Duplex yana yi, ko ka saita shi daga jikin firintar. Takarda dai zata fito, kuma ita muke nema. Ka tuna ka mayar da girman takarda A4 in ita kake amfani da ita, don tsofaffin direbobin nan da Letter suke zuwa, sai kaga ƙasan shafi ya yanke ko firintar ta tsaya tana ƙyafta wuta tana jiran wata takardar.

Akwai kuma direban gama-gari da wasu kamfanoni ke yi, kamar HP Universal Print Driver, amma sabuwar sigarsa bata hawa XP, tsohuwar siga zaka nema.

USB ya fi ko kebul ɗin netwok ko Wi-Fi?

In da zaɓi, ɗauki mai ramin kebul ɗin netwok, wato Ethernet, a firintocin HP da Brother sau da yawa harafin n a ƙarshen lamba ke nuna shi. Dalili kuwa ta netwok kwamfutar bata buƙatar gane na'urar, aikin kawai take turawa zuwa adireshi ta ƙofa mai lamba 9100, kuma XP da ma Windows 2000 duk sun iya wannan. Ka jona firintar a rauta, wato na'urar da ke raba netwok, ka buga shafin saitinta don ganin IP ɗin, kuma ka tsayar mata da adireshi guda wanda baya canzawa, in ba haka ba wata rana rauta ta ba ta sabo, kaga firinta ta "ɓace" alhali tana nan zaune.

Wi-Fi shi ma yana yi in firintar tana da allo a jiki da zaka sa kalmar sirri da kanka, da zarar ta hau rauta sauran duk ɗaya ne da na kebul. Wadda zaka guje mata ita ce wadda bata saituwa sai da manhajar waya ko ta sabon Windows, da buɗe akawun, da zama kan intanet kullum. Irin wannan ba a yi ta don tsohuwar kwamfuta ba.

Malam tawa kwamfutar mai faffaɗan ramin nan ce a baya, ba USB ba.

Wannan shine parallel, Windows na kiransa LPT1. A jikin kwamfuta ramuka 25 ne da shi, a jikin firinta kuma wani faffaɗan baki ne mai ƴan wayoyin ƙarfe biyu a gefe da ake danno su su riƙe kan kebul ɗin su yi ƙas. Sababbin firintocin leza kusan duk sun daina zuwa da shi, amma tsofaffi irin LaserJet 1320 da 4250 suna da shi, sannan firintocin allura na Epson irin LX-350 suna zuwa da parallel da serial da USB duka uku.

Ga wani kuskure da ake yawan yi. Kebul ɗin nan da ake sayarwa mai USB a gefe ɗaya parallel a ɗaya gefen, an yi shi ne don jona tsohuwar firinta a sabuwar kwamfuta, baya aiki ta baya, wato bazai haɗa maka sabuwar firintar USB da ramin parallel na tsohuwar kwamfuta ba. In kwamfutar tana da katin netwok, bi ta nan. Windows NT 4.0 bai san USB ba gaba ɗaya, Windows 95 ma sai a hankali, daga Windows 98 SE ne abin ya fara zama daidai.

Manhajar da muke aiki da ita ta DOS ce, LPT1 kaɗai ta sani.

Irin wannan tana tura rubutu ne kai tsaye, bata bi ta direban Windows, don haka firintar GDI bazata buga mata kai tsaye ba. Mai PCL 5 ko firintar allura mai jin ESC/P na Epson ita ce daidai. In firintar ta USB ce ko ta netwok, akwai dabarar da aka daɗe ana yi, ka yi sharing ɗin firintar a kan kwamfutar ka ba ta gajeren suna, sai ka buɗe Command Prompt ka rubuta net use LPT1 \\sunankwamfuta\sunanfirinta /persistent:yes, daga nan duk abin da manhajar ta tura LPT1 zai zarce can. In shafin ƙarshe ya maƙale bai fito ba sai ka danna maɓallin jikin firintar, manhajar ce bata turo umarnin fitar da takarda ba.

Ina da Windows 7, na sauke direban da aka ce nasa ne amma yana cewa ba a tabbatar da sa hannu ba.

Wannan ba laifin firintar ba ne. An canza hanyar sa wa manhajoji hatimi daga SHA-1 zuwa SHA-2, kuma Windows 7 da ba a sabunta ba bai san sabon ba. Ka tabbatar akwai Service Pack 1, sannan ka sa sabuntawar nan mai lamba KB4474419, tare da KB4490628, ka kashe ka kunna, ka sake gwadawa. Ana samunsu a Microsoft Update Catalog, kuma su ma akwai na 32-bit akwai na 64-bit. A XP kuwa yawancin direbobin ƙarshe-ƙarshe Service Pack 3 suke nema.

Shafin kamfanin ma ya ƙi buɗewa a tsohuwar kwamfutar.

Zai ƙi. Internet Explorer 8 shine na ƙarshe a XP kuma bai iya tsaron da shafukan yanzu ke nema ba, Chrome ya tsaya a siga ta 49 a XP, ya tsaya a 109 a Windows 7. Kar ka wahalar da kanka, sauke da wata kwamfutar ko da waya, ka kwafa a filashi ka kawo.

Faifan da ya zo da ita ya ɓata, na ga wasu shafuka suna cewa suna da duk direbobin duniya, in sauke?

Don Allah a yi hattara a nan. Kwamfutar da aka daina yi wa sabuntawar tsaro ita ce mafi sauƙin kamuwa, kuma da yawa daga shafukan nan abin da suke ba ka ba direba ba ne, wata manhaja ce da zata ce zata "gyara maka duk direbobi", ta cika maka kwamfuta da talla ko ta shigo da bairos. Shafin kamfanin shine farko. In babu a shafinsu na wata ƙasa, duba na wata, sau da yawa shafin Turai ko na Asiya yana riƙe da fayil ɗin da na Amurka ya cire. Kuma in an ba ka zaɓi tsakanin cikakken kunshi mai nauyi da ƙaramin da aka rubuta basic driver ko driver only, ɗauki ƙaramin, shi ya fi hawa tsohuwar na'ura ba gardama.

Zan iya sa direban wani Windows a kan wani?

Wani lokaci. Na Vista sau da yawa yana yi a Windows 7, na Windows 2000 yana yi a XP, matuƙar bit ɗin ya zo ɗaya. Daga sabo zuwa tsoho ne abin ke wuya, na Windows 10 ko 11 ba kasafai yake sauka ƙasa ba. Amma akwai lokacin da direban kansa zai yi, manhajar da ke girka shi ce kawai ke tsayawa ta ce ba a yarda da wannan Windows ba. A nan sai ka buɗe fayil ɗin da 7-Zip ka zazzage abin da ke ciki a wata folda, ka bi ta Add a printer, in an zo jerin kamfanoni ka danna Have Disk ka nuna masa fayil mai ƙarewa da .inf. In ya karɓa, faɗuwa ta zo daidai da zama. In ya ce babu direban da ya dace a ciki, to da gaske babu, kar ka tilasta.

Sabuwa zan saya ko ta hannu?

Ni a ganina ga mai XP ko abin da ya girme shi, tsohuwar firintar ofis ta leza mai lafiya ta fi sabuwa ƙarama nesa ba kusa ba, zamaninsu ɗaya, direbanta na ainihi yana nan, wani lokaci ma yana cikin Windows ɗin tun asali. Sai dai a duba ta da kyau. Ka sa a buga maka shafin saiti daga jikinta ba tare da kwamfuta ba, a nan zaka ga adadin shafukan da ta buga a rayuwarta da harsunan da take ji. Ka goga yatsa a kan rubutun, in baƙin ya biyo yatsanka to fiyuza, wato sashen da ke gasa tona ya kama takarda, ta gaji, kuma gyaranta ba ƙaramin abu ba ne. Ka duba ko akwai layi ko ɗigon da ke maimaituwa daga sama zuwa ƙasa, wannan yawanci diram ne, wato gangar da ke ɗora tona a kan takarda. Ka sa takardu da ɗan yawa ka ga ko tana jan ɗaya-ɗaya ko tana haɗiye biyu uku, robar jan takarda ce ke sulɓi, ita kam canza ta da sauƙi. Abu na ƙarshe, ka tabbatar har yanzu ana samun katirij ɗinta, firinta mai kyau da babu tonarta ajiya ce kawai. In da hali ka je da kwamfutar taka a gwada a gabanka.

Mai Windows 7 shi yana da sauran sarari, akwai firintoci da dama da ba su tsufa sosai ba masu direbansa, kuma sabuwa mai PCL da Ethernet zata yi masa.

Mai tawada fa? Ni hotuna nake bugawa.

Masu tawada na gida kusan duk sai da direbansu, ba kasafai suke jin PCL ko PostScript ba, don haka a nan dabarar aro bata aiki, jerin da ke shafin kamfani shine magana. Kuma ta hannu mai tawada da ta daɗe a ajiye akwai haɗarin kanta ya bushe ya toshe, sai an buga gwajin launuka an gani.

Mai haɗe da sikana ce, bugawa tana yi amma sikanin ya ƙi.

Haka ne, direban sikana daban yake, TWAIN ko WIA ake kiransa, kuma shi babu na aro kamar PCL. Mafita ita ce firintar da ke iya yin sikanin da kanta ta ajiye a filashin da ka soka a jikinta, ko ta tura ta imel, ko ta jefa a folda ta netwok. In sikanin yana da muhimmanci a aikinka, nemi wannan tun wajen saye.

Na riga na saya, ba a karɓar mayarwa, kuma GDI ce. Akwai abin yi?

Akwai, sai dai zagaye ne. Mafi sauƙi ka mayar da takardar PDF a tsohuwar kwamfutar, ka kai ta wata na'urar ka buga. Windows 10 ne ya fara zuwa da Print to PDF a jiki, a XP da 7 sai ka sa ƙaramar manhaja irin CutePDF Writer ko doPDF ko PDFCreator, tsohuwar sigar da ta dace da naka, zata fito a jerin firintoci kamar firinta ta gaske, duk manhajar da ke iya bugawa zata iya tura mata. Daga nan filashi, ko ka tura wa wayarka ka buga ta Wi-Fi tunda sababbin firintocin nan da waya suka fi shiri.

Wasu suna cewa a jona ta a sabuwar kwamfuta a yi sharing. A sani cewa ta hanyar Windows zalla tsohuwar kwamfutar har yanzu zata nemi direban firintar, kaga an dawo gidan jiya, ga shi XP da SMB1 kaɗai yake magana, wato tsohuwar hanyar sharing ta Windows, wanda Windows 10 ya fara janyewa daga gare shi tun 2017, shekarar da bairos ɗin WannaCry ya bi ta wannan ƙofar ya yi ɓarna a duniya. Ban ba da shawarar a sake kunna shi don firinta ba. Hanyar da ta fi tsafta ga wanda ya ɗan iya hannu ita ce a sa wata ƙaramar na'ura mai Linux a tsakiya, ko Raspberry Pi ko wata kwamfutar da ba a amfani da ita, manhajar CUPS da ke ciki ta karɓi PostScript daga tsohuwar kwamfutar ta juya shi zuwa abin da firintar ke ji. A XP sai ka ƙara ta a matsayin firintar netwok da adireshi irin http://adireshin-IP:631/printers/suna, ka ba ta direban MS Publisher Imagesetter. Sharaɗin dai shi Linux ɗin ya iya magana da firintar, wanda in tana da AirPrint ko IPP Everywhere, wato hanyoyin bugawa ta netwok na zamani, yawanci yana yi ba tare da wani direba ba.

Ni tsohon Mac ne da ni.

Naka ya ɗan fi sauƙi. Daga OS X 10.7 Lion zuwa sama Mac ya san AirPrint, firintar da ke da shi in suna kan netwok ɗaya sau da yawa da kanta take bayyana. In ya girmi haka, ka shiga System Preferences wajen firintoci, ka danna alamar ƙari, ka zaɓi IP, ka sa adireshin, a Protocol ka ɗauki HP Jetdirect - Socket, a ƙasa ka zaɓi Generic PostScript Printer ko Generic PCL. Ga Mac mai PostScript ta fi dacewa. Kuma Save as PDF yana cikin tagar bugawa tun asali, baka buƙatar ƙara komai.

Ba gara kawai in canza Windows ɗin ba?

In babu abin da ya ɗaure ka, eh gara hakan, ko ka sa Linux mara nauyi in na'urar bazata ɗauki sabon Windows ba. Amma na san da yawa ba son rai ya zaunar da su ba, wani manhajar lissafinsa ce bata hawa sabo, wani injin ne ko na'urar gwaji da kwamfutar ke sarrafawa kuma kamfanin da ya yi ta ma babu shi yanzu, taɓa wannan kwamfutar na nufin tsayar da aiki gaba ɗaya. Wanda ke cikin wannan hali babu laifi ya ci gaba, abin da nake roƙo kawai a cire ta daga intanet, a bar ta da aikinta da firintarta, a riƙa duba filashi a wata kwamfutar mai kariya kafin a soka mata, kuma a ajiye kwafin direban a wuri biyu tare da rubuta saitin da ya yi aiki.

Na sa direban aro, sai ta kama fitar da takardu masu wasu irin alamomi, layi ɗaya a saman kowane shafi, ta ƙi tsayawa.

Harshen ne bai zo ɗaya ba, ka tura mata abin da bata ji sai take buga umarnin kansa a matsayin rubutu. In ka ga shafin farko ya fara da %!PS to PostScript ka tura wa wadda bata jinsa, koma PCL 5. Fara zare takardun daga tire don kar ta cinye su, ka kashe ta, ka goge aikin daga layin jira a kwamfuta. In ya ƙi goguwa, ka danna Start, Run, ka rubuta services.msc, ka tsayar da Print Spooler, ka shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge fayilolin da ke ciki, folda ɗin kanta ka bar ta, sannan ka sake kunna Print Spooler ka kunna firintar. Gwaji na gaba ka yi shi da takarda ɗaya tak a tire, da shafi ɗaya daga Notepad. In PCL 5 da PCL 6 da PostScript duk sun ba da shirme ko shiru, ka koma takardar bayananta ka sake karanta layin harsunan, akwai yiwuwar PCLm ne aka rubuta ko GDI, sai ka bi hanyar PDF ko ta CUPS da aka yi bayani a sama.